A Bar Wa Na Nesa Tazararsa: Martani Kan Batun Sabis a Azare da Katagum

Wani ɗan'uwanmu, malami mai alƙalami daga nan ƙasar Guddiri, ya yi rubutu kwanakin baya a kan wahalar sabis ɗin waya da mutanen Azare da ƙauyukan Katagum suke sha. Rubutun ya zagaya sosai, domin ya sosa wa kowa inda yake masa ƙaiƙayi. Mai POS a bakin kasuwa ya san zafin abin, haka ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke fama da cike fom, haka mai jinya da yake jiran kuɗin magani su shigo daga ɗan'uwansa na Legas. Malam ya ce ya gano bakin zaren. A ganinsa, kamfanonin waya suna karɓar zangon rediyo daga hukuma, su yi aiki da wani sashe, su bar sauran a kwance. Ya kawo alƙaluma uku. Cikin siraran layuka 2,048 da na'urar 4G take lissafi da su, 1,200 kaɗai ake ɗora wa saƙo. Cikin megahaz 20 na zangon, ana barin biyu fayau a gefe da gefe. Sannan kusan kashi 7 cikin ɗari na lokacin watsawa yana ƙarewa ne a aika abu guda sau biyu. Ya haɗa su, ya ce kusan rabin gonar an bar ta saura, masu ita kuwa suna karɓar kuɗin cikakken amfani. Ya rufe da kira ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, da ta tilasta a cike kowane gurbi.

Allah gafarta Malam, alƙaluman nan uku gaskiya ne, suna nan a cikin ƙa'idar 4G, kuma na yaba da ya je ya tono su, don yawancin masu kukan sabis tsaki kawai suke yi su wuce. Inda muka rabu shi ne wajen tarawar. Abubuwa uku ne masu asali daban-daban ya zuba a ƙwarya ɗaya. Maganin da ya rubuta kuma, da za a sha shi, wanda zai fara kwanciya shi ne mutumin rugar da ke bayan Sakwa da manomin da ke can gefen Madara, wato su ɗin da ya tashi karewa.

Dabarar da 4G da 5G da Wi-Fi da talabijin na dijital suke aiki da ita, sunanta a taƙaice OFDM. Maimakon a kora saƙo da gudu ta hanya guda mai faɗi, sai a tsattsaga zangon zuwa siraran layuka masu yawa, kowanne ya ɗauki ɗan kaɗan yana tafiya a hankali, amma duka a lokaci ɗaya. Robert Chang na ɗakin binciken Bell a Amurka ne ya shimfiɗa tushenta a 1966. Tunda Malam ya kawo misalin gona, mu zauna a kansa: zangon shi ne gonar, layukan su ne kunyoyi. A 4G faɗin kowace kunya kilohaz 15 ne.

To, a ninka 15 sau 2,048. Abin da zai fito shi ne kilohaz 30,720, wato megahaz 30.72. Lasisin kuwa na megahaz 20 ne. Ashe cikin layuka 848 da Malam ya ce an yi watsi da su, fiye da 700 ba a cikin gonar kamfanin suke ba ma, sun faɗa ta maƙwabta. Adadin 2,048 ya samo asali ne daga hanyar lissafin da ƙwaƙwalwar na'ura take bi, wadda ta fi sauri idan adadin ya kasance ninkin biyu-biyu: 512, 1,024, 2,048. Tunda 1,024 ba za ta ɗauki layuka 1,200 ba, sai a hau ta gaba, a cike ragowar guraben da sifiri. Wannan sifirin yana rayuwa ne a cikin lissafi, ba ya tare wa kowa wuri a iska. Da hukuma za ta ce a zuba saƙo a cikinsu, to ta ba kowane kamfani izinin ya yi shuka a gonar na kusa da shi ke nan. Abin da ya rage a cikin iyakar lasisi, layuka 133 ne ko kusa da haka, kuma su ne dai megahaz biyun da Malam ya sake ƙirgawa daban. Abu ɗaya ya ƙirga sau biyu, ya ƙara da abin da ba na kamfanin ba. Nan rabin gonar ya zube, saura kashi 10 cikin ɗari.

Wannan kashi goman kuwa burtali ne. Duk Baguddiren da ya tashi a karkara ya san filin da ake bari tsakanin gonaki ba don ƙasar ba ta da kyau ake barinsa ba, kuma ya san abin da yake biyo baya a shekarar da wani ya ga ƙyashi ya kafa masa garma. Siginar rediyo ba ta tsayawa cak a inda aka ja mata layi. Ƙarfinta raguwa yake yi a hankali, yana tsiyaya zuwa gefe, kuma OFDM ta yi ƙaurin suna wajen wannan tsiyayar. Na'urar da take ƙara wa sigina ƙarfi a kan ƙarfen sabis ita ma tana fesa nata. Matacin da ake sa wa don ya tare tsiyayar yana buƙatar ɗan fili da zai yi aikinsa, domin babu matacin da zai bar abu ya wuce a wannan kilohaz ɗin ya kuma toshe shi sarai a na gaba. Megahaz ɗaya ta dama da ɗaya ta hagu su ne wannan filin.

Sai a tambaya, idan an cinye burtalin, wa zai ji a jikinsa? Wanda yake zaune a gindin ƙarfen kamfaninsa ba zai ma lura ba, siginarsa ta fi ƙarfin ƙurar maƙwabci. Wanda zai kurumce shi ne mai wayar da take kasa kunne ga wani ƙarfe mai nisa, alhali ƙarfen wani kamfanin yana tsaye a kansa yana zubo masa tsiyaya. Ƙarfin siginar kusa yana iya ninka na ta nesa sau dubbai, har ɗan abin da ya tsiyayo daga ta kusa ya binne ta nesan gaba ɗaya. A cikin garin Azare, inda ƙarafa suke kusa da juna, ana iya lallaɓawa. A hanyar Gamawa ko ta Itas, inda wannan kamfani yake da ƙarfe a nan wancan kuma sai an yi tafiya, nan ɓarnar za ta sauka.

Akwai ma wani layi guda da Malam bai ambata ba, wanda yake tsakiyar zangon daidai, shi ma 4G ba ta ɗora masa komai idan ƙarfe yana aiko wa waya. Dalili shi ne hanya mafi sauƙin kuɗi ta ƙera mai karɓar sigina tana barin wata 'yar ƙura a daidai wannan wurin. An sadaukar da layi ɗaya don wayar talaka ta yi araha. Da Malam ya ƙara tonawa kuma, da ya tarar da wasu guraben da ba sa ɗaukar saƙon kowa sai alamomin gwaji, waɗanda waya take auna yanayin hanya da su. Ina jin da ransa ya ƙara ɓaci. Amma wayar da ba ta auna hanya ba, ba ta iya karanta ko harafi ɗaya.

Mu koma kan lokaci, wanda shi ne ya fi daɗin bayani kuma ya fi wuyar yarda. Siginar da ta tashi daga ƙarfe ba ta hanya ɗaya take isowa ga waya ba. Wata ta zo kai tsaye, wata ta bugi rufin kwano ta karkato, wata ta bugi tankin ruwa ko bangon bene ko gefen tirela, kowace da lokacin isowarta. Amsa-kuwwa ce, irin ta rediyo. Sigina tana cin mita 300 a cikin maikirosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Saƙon 4G kuwa gaɓa-gaɓa ake aika shi, kowace gaɓa tsawonta maikirosakan 66.7. Idan aka jera gaɓoɓin babu rata, wutsiyar wadda ta wuce, da ta biyo doguwar hanya ta makara, za ta hau kan wadda ta biyo bayanta, su cakuɗe. Weinstein da Ebert, a 1971, sun sa 'yar tazara tsakanin gaɓa da gaɓa don amsa-kuwwar ta mutu a ciki. A 1980 Peled da Ruiz suka zo da gyaran da ake amfani da shi har yau: maimakon a bar tazarar shiru, sai a kwafi ƙarshen gaɓar a liƙa a gabanta. Wannan shi ne maimaicin da ya tsone wa Malam ido.

Amfanin maimaicin ya wuce tare amsa-kuwwa. Layukan nan suna manne da juna, har gefensu yana hawa kan na juna, kuma abin da ya hana su cakuɗewa shi ne kowanne yana cika zagayensa daidai a cikin tsawon gaɓa. Kwafin da ya makara, idan tazarar shiru ce, zai shigo da guntun zagaye, layi ya fara zuba cikin layi. Idan kuwa an liƙa wutsiyar a gaba, duk kwafin da ya iso a cikin tazarar cikakke ne, sai dai ya ɗan juya. Waya sai ta gyara kowane layi da ninkawa guda ɗaya tak. Ba don haka ba, da sai an sa mata lissafi mai nauyi wanda zai ci batir ya kuma ci kuɗi. A wurin da cajin waya kansa sana'a ce da mutane suke ci da ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsawon tazarar a 4G kimanin maikirosakan 4.7 ne, wanda ya isa ya haɗiye bambancin hanya na kilomita 1.4. Gaɓoɓi bakwai ne a cikin kowane rabin milisakan, kuma idan aka tara tazararsu ta kama kashi 6.7 cikin ɗari. Malam ya ce kusan bakwai, bai yi ƙari ba.

Hujjarsa mafi ƙarfi, wadda ya ambata a gurguje bai tsaya a kanta ba, ita ce ta shimfiɗar ƙasa. Ƙasar Katagum fili ce. In ka ɗauke duwatsun Shira, ido yana tafiya har ya gaji bai ci karo da tudu ba, dogayen gine-gine kuma ƙalilan ne. Me zai sa mu ɗauki tazarar da aka yanka don biranen da suke cike da benaye da ƙasashe masu tsaunuka? Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya ne a fili irin namu amsa-kuwwa ta fi gajarta a mafi yawan lokuta. Da don Azare kaɗai aka tsara 4G, da wataƙila an rage wani abu daga 4.7 ɗin. Sai dai ribar ba za ta wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari ba, kuma farashinta shi ne a ƙera wa Azare wayarta daban.

Bayan haka, shimfiɗar ƙasar tana da wata fuska da ta juya wa hujjar baya. Inda ƙasa take a shimfiɗe kuma garuruwa suke warwatse, ƙarfe ɗaya ne yake ɗaukar yanki mai faɗi, nisa kuwa shi ma tazara yake ci. Idan waya za ta fara sallama da ƙarfe, ba ta san nisanta da shi ba, shi ma bai sani ba. Sai ta jefa sallamarta a wani gurbin lokaci da aka keɓe, kuma dole gurbin ya kasance da sarari a ƙarshensa wanda zai ishi zuwa da dawowa, kimanin maikirosakan 6.7 a kan kowace kilomita. A tsari mafi gajarta da aka saba amfani da shi a 4G, gurbin milisakan ɗaya ne, an bar kusan maikirosakan 97 babu komai a ƙarshensa, kuma wannan ne ya sa iyakarsa ta tsaya a wajen kilomita 14. Wanda ya wuce nan, sallamarsa za ta faɗa kan maganar wani, ƙarfe ba zai amsa masa ba ko da wayarsa tana nuna sanda. Idan ana so a kai ga na nesa, sai a zaɓi tsari mai tazarar da ta fi tsawo. Mafi tsawonsu yana cin milisakan uku, yana barin fiye da maikirosakan 700 a banza, a idon Malam ke nan, kuma shi ne yake kaiwa kilomita 100. Haka ita ma tazarar gaɓoɓi tana da doguwa, maikirosakan 16.7, wadda aka tanada don yankuna masu faɗi, tana cin kashi 20 cikin ɗari na lokaci.

Tsohuwar 2G, wadda ta shigo Najeriya a 2001 kuma har yanzu ita ce abin dogaron masu ƙananan wayoyi a ƙauyukanmu, ba OFDM take amfani da ita ba, amma ita ma ba ta tsira ba. Kowane gurbi na maikirosakan 577 yana da kusan 30 na tazara, na sallamar farko kuma yana da wajen 250, kuma iyakarta da aka sani ta kilomita 35 daga irin wannan lissafin na lokaci ta fito. A 5G ta zangon gigahaz 3.5, inda aikawa da karɓa suke karɓa-karɓa a zango guda, sai an yi shiru tsakanin juyi da juyi, kuma gwargwadon faɗin yankin gwargwadon tsawon shirun. Ko ta ina aka ɓullo, wanda ya fi nisa shi ya fi buƙatar wannan sararin. Da injiniyan da yake saita ƙarfen da ke kallon ƙauyukan Zaki zai saurari Malam ya gajarta tazara, ɗan birni zai samu ƙarin da ba zai ji shi ba, na bakin iyaka kuma ya fita daga sabis ɗungurungum.

Talabijin ya fi nuna abin a fili. Najeriya ta ɗauki tsarin DVB-T2 don komawa dijital, aka ƙaddamar a Jos a watan Afrilun 2016. A irin wannan tsari ana iya kafa tashoshin watsawa da yawa a zango guda, suna faɗin abu ɗaya a lokaci ɗaya, dikoda ta ɗauki siginar tasha mai nisa tamkar amsa-kuwwar ta kusa. Sharaɗin kawai shi ne ta iso a cikin tazara. Tazarar maikirosakan 224 tana ɗaukar kilomita 67, kusan nisan da ke tsakanin Azare da tsohon garin Katagum, inda gadon sarautar yake kafin a dawo da shi Azare a zamanin Turawa. Ke nan da za a sa tasha a nan a sa wata a can, wannan shirun ne zai ba su damar zama a zango ɗaya maimakon kowace ta ci nata. Tazarar da ake kira asara ita ce take ceto zango sukutum.

A nan kuma akwai darasin yadda masu abin suke rage asarar idan sun tashi. A tsohon tsarin DVB-T, gaɓa mafi tsawo maikirosakan 896 ce, don haka tazarar 224 tana cin kashi ɗaya cikin biyar na lokaci. A DVB-T2 sai aka ƙara yawan layukan aka sirantar da su, gaɓar ta kai maikirosakan 3,584, tazarar tana nan a 224 ɗinta, amma yanzu kashi ɗaya cikin goma sha bakwai take ci. Tazarar ba a taɓa ta ba, gaɓar aka tsawaita. Wi-Fi ma haka ta bi. Tsarin 1999 yana da layuka 64, ana aiki da 52, tazararsa maikirosakan 0.8. A 2009 aka ba da zaɓin rage ta zuwa 0.4, gudu ya tashi daga megabit 65 zuwa 72.2, amma sai a ɗaki ko ƙaramin ofis abin yake yin kyau. Da Wi-Fi 6 ta zo, sai ta ajiye 0.4 ɗin, ta ninka tsawon gaɓa sau huɗu, ta ƙaro tazarar 1.6 da 3.2 don amfanin waje. Sabon tsari ya tsawaita abin da Malam yake so a datse.

Mai karatu zai ce, to me ya hana waya ta yi irin ta talabijin? Motsi ne ya hana. Eriyar talabijin tana kafe a kan rufi, waya kuwa tana cikin motar haya a hanyar Potiskum. Wanda yake gudun kilomita 100 a awa, a zangon megahaz 1,800, siginarsa tana gocewa da kimanin haz 167. A layi mai faɗin kilohaz 15 wannan kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari, ba ya hana komai. A siririn layin talabijin mai haz 279, ya wuce rabin layin. An zaɓi 15 da 4.7 ne a tsakanin matsi biyu, na amsa-kuwwa da na gudu.

Saura batun zargi, cewa da gangan ake yi don a cuce mu. Data da megabayit ake sayar mana da ita. Abin da ya shiga waya ko ya fita shi ake cirewa, tazara da burtali ba sa cikin awon. Idan akwai mai asara a guraben nan, kamfanin ne, wanda ya sayi zango da tsada yake kuma son ya sayar da kowane ɗigo. A gwanjon da NCC ta yi a Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6 a kan megahaz 100. Ɗan kasuwar da ya zuba wannan kuɗin ba ya buƙatar hukuma ta roƙe shi ya cike gonarsa. Shi ya sa da matatai suka inganta, 5G ta matse burtalin: a megahaz 100 ana shimfiɗa layuka 3,276 masu faɗin kilohaz 30, wato megahaz 98.28, abin da aka bari bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Layin tsakiyar nan ma an daina keɓe shi. Tun 2016 kuma ƙa'idar ta yarda a dasa wani siririn zango mai kilohaz 180 a cikin burtalin 4G don ƙananan na'urori irin mitar wuta da ta ruwa. Abin da Malam yake nema ana yin sa, gwargwadon yadda ƙarfe da lissafi suka ba da hali, kuma ba takardar umarni ce ta kawo shi ba.

Ko da NCC ta so ta biya masa buƙata, hannunta ba zai kai ba. Ƙungiyar 3GPP, wadda ta haɗa hukumomin ƙa'ida na Turai da Amurka da Sin da Japan da Koriya da Indiya, ita ta yanka waɗannan alƙaluma, kuma an gina su a cikin ƙwaƙwalwar kowace Tecno da Itel da Samsung da ake sayarwa a shagunan Azare. Ƙarfen da ya sauya tazararsa zuwa wadda ba ta cikin ƙa'ida, babu wayar da za ta gane shi.

Mu ma ɗauka an yi abin al'ajabi, an cike burtali an share tazara, kuma babu abin da ya lalace. Kashi 90 cikin ɗari na zango, a ninka da kashi 93.3 na lokaci, ya ba da 84. Komawa ɗari daga 84 ƙarin kashi 19 ne cikin ɗari, a takarda. A gefe guda kuma, yawan abin da kowane layi yake ɗauka a gaɓa ɗaya ya dogara ne da tsabtar sigina. Idan ta yi tsabta yana ɗaukar ƙwayar bayani shida, ko takwas a sababbin na'urori. Idan ta gurɓace sai ƙarfe ya sauko da shi zuwa huɗu, ko biyu, ya ƙara da maimaita abin da ya ɓace a hanya. Saukowa daga shida zuwa huɗu kaɗai ta cinye kashi ɗaya cikin uku. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin da yake sa bidiyo tsayawa a Azare bayan sallar isha'i, lissafinsa ya fi wannan sauƙi. Abin da ƙarfe ɗaya yake iya bayarwa raba shi ake yi tsakanin duk waɗanda suka hau a lokacin. Gari ya ƙaru, ga jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya da aka kafa a 2021, ga ɗaliban jami'ar Gadau suna kai da kawowa, ga kasuwanci ya koma tura kuɗi ta waya. Ƙarfe ɗaya da aka ƙara a unguwa mai cunkoso yana iya raba nauyin gida biyu, abin da share tazara ba zai taɓa yi ba. Bayan ƙarfen kuma akwai hanyar da take kai saƙo babbar cibiya: in wayar faiba ce, ana tsinka ta wajen aikin titi ko haƙar magudana, in kuwa faranti ne yake harbawa zuwa wani ƙarfen, yana da iyakar abin da zai ɗauka. Ga dizal, ga batir da ake sacewa. Ba banza ba gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya a 2024. Wanda ya bar duk wannan ya kama maikirosakan 4.7, ya bar jaki yana dukan taiki.

Kuma akwai saura ta gaske, wadda na so a ce ita Malam ya auna. Lasisin zango yakan shafi ƙasa baki ɗaya ko jihohi, amma kunna shi ƙarfe-ƙarfe ake yi. Zangon da aka kunna a Legas aka bar shi a kashe a Chinade, a Chinade ɗari bisa ɗari ne yake kwance, ba goma ba. Lokacin da MTN ta fara 5G a 2022, birane bakwai ta ambata, Kano da Maiduguri suna ciki, titin da ya haɗa su kuma ta Azare ya ratsa. Ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya fara da inda ciniki yake, amma don irin wannan giɓin ne Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF, wanda aikinsa shi ne kai sabis inda riba ba za ta kai shi ba. Tun 2018 kuma NCC tana da ƙa'idar da ta ba mai zango damar ya sayar ko ya ba da haya ko ya yi tarayya da wani a kan abin da ba ya amfani da shi. Zangunan ƙasa-ƙasa, irin megahaz 700 da 800, su ne suke tafiya nesa a fili irin namu su kuma ratsa bangon ƙasa.

Waɗannan su ne wuraren da wakilanmu na majalisa da shugabannin ƙananan hukumomin Katagum da Zaki da Gamawa da Shira suke da bakin magana. Suna iya neman a ba su jerin ƙarafan da ke yankunansu da zangunan da aka kunna a kan kowanne, da waɗanda faiba ta kai gare su da waɗanda ba ta kai ba, da abin da asusun USPF ya kashe a Bauchi ta Arewa. Suna iya duba ko har yanzu ana karɓar kuɗi kafin a bar kamfani ya binne faiba a gefen titi, wanda aka yi matsaya a kan naira 145 kowace mita a matakin ƙasa. Idan Malam zai sake ɗaukar alƙalami, ina roƙonsa ya fara da taswirar ƙaramar hukumar Zaki, ya sa ɗigo a kan kowane ƙarfe, ya zana da'irar kilomita 14 a kewayensa, ya ƙirga mana ƙauyukan da suka faɗo a waje.